Motar da Injiniya Ya Yi wa Tayil

Babu wanda ya ba shi sunan Injiniya a layin nan. Shi ya raɗa wa kansa, ya kai rigar aikinsa wurin Tela, maƙwabcinsa, ya ce a ɗinka masa sunan a baya da jan zare. Sana'arsa saka tayil ce, kuma a faɗi gaskiya ya iya ta. In ya shimfiɗa maka banɗaki ka watsa bokitin ruwa, kafin ka ajiye bokitin ruwan ya bi gangara ya shige rariya, ko ɗigo ba ya kwana. Inda mutumin ya samu matsala bakinsa ne. In ya zauna a bencin ƙofar shagon Tela da yamma, babu aikin da bai iya ba a duniya. Jirgin sama ma zai gyara, bai dai samu wanda ya lalace a kusa ba ne. Tela kuwa ba ya ko ɗaga kai daga kan kekensa, sai dai ya ce Allah ya tsare jirage.

A gidan Injiniya akwai surukinsa, mahaifin matarsa, wanda kowa ke kira Baba Direba. Shekara arba'in ya yi yana jan babbar mota kafin ciwon baya ya kayar da shi. Yanzu in ya zauna a kujera minti goma sai ya fara cije leɓe, sai an kwantar da shi. A cikin 'yan'uwansa, yayarsa mace guda ɗaya ta rage masa a duniya, tana can wani gari bayan hamada, tafiyar yini guda a mota, kuma rabonsu da ganin juna shekara goma sha ɗaya. Ana nan sai ga saƙonta: a gaya wa ƙaninta in yana son ganinta ya zo, don ita kam ta daina sayen sabon takalmi. Tsohon ya ji saƙon ya juya fuska bango, ranar ko shayi bai sha ba. Aka kira 'ya'yansa maza uku ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce wata mai zuwa in Allah ya yarda, kuma dama motar haya ba ta mai ciwon baya ba ce.

Injiniya ya tarar da matarsa tana share hawaye a kicin, abin ya taɓa shi ƙwarai, don duk surutunsa mutum ne mai tausayi. Da ya tsaya a tausayin da an zauna lafiya. Sai ya fita tsakar gida ya bugi ƙirji, yadda har na waje za su ji, ya ce shi zai kai Baba wurin yayarsa, a kwance, a kan gadonsa, cikin ɗaki mai tafiya, yana kurɓar shayi hamada tana wucewa ta taga. Baba Direba, wanda shekara goma sha takwas bai taɓa yarda surukin nan nasa ya tura masa ko baro ba, ya ɗaga murya daga ɗaki.

"Ki ce wa mijinki ya sassauta, bayana ne ke ciwo, kunnena lafiyarsa ƙalau."

Washegari aka turo wata tsohuwar bas daga garejin bakanike, wadda kaji suka daɗe da mayarwa gidan ƙwai. Bakanike ya yi kwana huɗu a ƙarƙashinta har ta yi tari ta tashi. Da zai tafi ya ja Injiniya gefe ya ce injin nan ya tsufa, don Allah kada a ɗora masa nauyi. Injiniya ya ce ya ji. Kafin la'asar an sauke buhun siminti shida da baro takwas na yashi a ƙofar gida.

Mutumin nan fa ɗaki ya gina a cikin mota, irin ɗakin da ya saba ginawa a ƙasa. Ya cire kujerun baya kaf, ya zuba daɓe, ya ɗauko ma'auninsa mai ƙwayar ruwa ya ba daɓen gangara daga gaba zuwa ƙofar baya, saboda a wurinsa ɗakin da ba shi da gangara kududdufi ne kawai da bai samu ruwa ba tukuna. Ya shimfiɗa farin tayil mai sheƙi, irin wanda kake ganin haƙoranka a ciki. Ya yanke dokin ƙofar baya don kada ya tare ruwa. Daɓen ya yi tudu har sakatar ƙofar ta daina shiga raminta, sai ya ɗaure ta da waya ya ce ai waya ta fi sakata riƙon amana. Ya ɗora tanki a saman mota, ya jawo bututu ya kafa famfo a kusurwa, ya manna maratayin tawul a gefensa. Daga ƙarshe ya raba wurin direba da ɗakin da bangon katako mai 'yar ƙaramar ƙofa, shi ma ya liƙe shi da tayil, wai don kada ƙarar inji ta dami Baba.

Mutanen layi suka samu abin kallo kyauta. Mai kanti ya leƙo ya tambaya ko za a yi mata bene. Wata tsohuwa ta cire takalmi saboda girmamawa ta shiga ta gaba, ta yi taku biyu a kan tayil ɗin, sai ta tsinci kanta a waje ta ƙofar baya tana salati. Bakanike ya dawo ya ga gindin motar ya kusa zama a kan tayoyi, ya riƙe haɓa ya juya ya tafi. Injiniya yana tsaye da tsumma yana goge duk inda aka taka, yana bayani cewa irin wannan motar manyan attajiran duniya ke yawon buɗe ido da ita, sai dai tasu ba ta da gangara.

Ranar tafiya da sassafe aka kinkimo gadon ƙarfen Baba da katifarsa mai kauri aka shigar. Tela ya rufe shago ya ce zai raka su, don ba ya son labarin nan ya zo masa ta bakin wani. Da ya ga gadon a kan tayil sai ya ce a kafe ƙafafunsa da ƙusa. Injiniya ya dube shi kamar ya zage shi.

"A huda tayil? Kai in ka gama ɗinka riga, huda ta kake yi?"

"Ina huda ta mana. In ba haka ba ta ina maɓalli zai shiga?"

Injiniya ya ce wannan maganar masu zare da allura ce. Maimakon ƙusa sai ya naɗe ƙafafun gadon huɗu da tsumma mai laushi ya ɗaure tam, don kada ƙarfe ya karce masa aiki. Aka kwantar da Baba Direba. Tsohon ya dubi daɓen, ya dubi tsummokaran, ya dubi wayar da ke riƙe da ƙofar baya. Ya ce wa 'yarsa a hankali ko a kan jaki ne a kai shi ya ga yayarsa, ta dai sa masa jakar maganinsa a ƙarƙashin matashi.

Duk layin ya fito sallama. Injiniya ya tayar da mota, ta yi gurnani, ta yi hayaƙi, ta ƙi motsi. Sai da maza goma suka sa kafaɗa sannan ta yarda ta fita daga layin, shi kuma yana ɗaga musu hannu ta taga yana cewa su daina turawa, ba ta buƙata. Tana kama hanya sai aka ji gwaram daga baya: gado ya sulale ya daki ƙofar baya. A mararraba ya taka birki, aka sake jin gwaram: gado ya dawo ya daki bango. Matarsa, wadda ke zaune a baya kan 'yar kujera tana riƙe da ƙarfen gadon, ita ma duk inda ya nufa can ta nufa, ita da kujerar da butar shayi. Injiniya ya ce ai wannan lilon shi ne maganin ciwon baya, a asibiti ma na'ura guda ake saya don a yi wa mutum shi. Baba Direba ya amsa ta bayan bango cewa shekara arba'in yana kan hanya bai taɓa shiga motar da fasinja ya fi direba tafiya ba sai yau.

Suka tokare gadon da buhun shinkafa, buhun ya bi gadon suka riƙa zuwa da dawowa tare. Da suka fita gari, gidaje suka ƙare, itatuwa suka fara tsirara, sai Injiniya ya tsaya ya ce yanzu za a ga aikin ilimi. Ya ɗauko igiya ya ɗaure gadon a jikin bututun famfo, ƙulli uku. Aka samu lafiya ta sa'a guda cur, kuma wannan sa'ar ya cinye ta yana ba Tela labarin hamada. Ya ce ya san ta kamar tafin hannunsa, in ka rufe masa ido ka ba shi yashi ya shaƙa zai faɗa maka gabas da yamma. Tela ya tambaye shi yaushe ya zo, tunda a saninsa bai taɓa wuce gidan man ƙarshen gari ba. Ya ce irin wannan sanin ba sai an zo ba.

Hamadar kuwa ga ta nan shimfiɗe, fara fat, babu komai sai rairayi da duwatsu jefi-jefi da hanya guda ɗaya da ta miƙe. Motar tana jan siminti tana nishi. Wani mutum a kan raƙumi ya cim musu ta gefen direba, ya yi sallama, ya sunkuyo ya tambaya ko lalacewa ta yi a taimaka. Injiniya ya ce tafiya suke yi. Mutumin ya ce to Allah ya kai su lafiya, ya wuce gaba, suna kallon bayan raƙumin har ya ɓace.

Can suka shiga wani wuri da hanya ta yi ƙunya-ƙunya, motar ta hau rawa. Ba su yi nisa ba Baba Direba ya kira ya ce a zo, ana ruwan sama a ɗakinsa. Gado ne ya fizgi igiya, igiya ta fizgo bututu daga jikin tanki, ruwa yana kwarara ta rufi. Kwalin garin sabulu ya kife a kan hanyar ruwan, kumfa ta tashi. Kafin su gama ihu a toshe, a toshe, tankin nan da aka cika don tafiyar hamada ya bi gangara ya fice ta ƙarƙashin ƙofar baya ya shige yashi. Abin da ya rage musu buta ɗaya da gora biyu. Injiniya ya tsaya ya dubi daɓen, sai fuskarsa ta washe, ya ce don Allah su duba da kyau, tanki guda ya zube amma ko cokali ɗaya bai tsaya a ƙasa ba.

"To madalla," in ji matarsa. "In ƙishi ya kama mu sai mu sha gangarar."

Tela ya lalubo guduma da ƙusoshi a akwatin aikin Injiniya ya nufi gadon. Injiniya ya yi tsalle ya kwanta a kan tayil ɗin, cikin santsin sabulu, ya ce sai dai a fara huda shi. Aka yi ta ja-in-ja a cikin rana har Tela ya gaji ya jefar da gudumar. Injiniya ya miƙe da kumfa a gemu ya ɗaure gadon a jikin maratayin tawul, ya ce wannan da hannunsa ya manna shi, ko bijimi aka ɗaure a nan sai dai ya haƙura. Baba Direba ya lalubo jakar maganinsa. Ya haɗiyi maganinsa mai sa barci, ya ce wa 'yarsa ta koma gaba ta zauna kusa da mijinta ta riƙa hana shi magana, don ya lura in yana zuba sakin sitiyari yake yi. Ta gyara masa bargo, ta koma gaba, ta rufo 'yar ƙofar.

Rana tana tsaka suka iso wani dogon tudu inda yashi ya hau kan hanya. Injiniya ya sa giya ta ɗaya, motar ta ɗaga kai tana hawa a hankali, tafiyar da ko mai ɗingishi zai wuce ta. To ga gangarar daɓe, ga gangarar tudu, ga sabulu, ga tsumma a ƙafa. Maratayin tawul ya yi ɗan tunani, ya ɓalle ya taho da tayil ɗinsa. Gado ya sulale babu ko ƙara. Wayar nan mai amana ta yi tsam ta saki, ƙofa ta buɗe, gadon ya zame ya sauka a kan tattausan yashi da ƙafafunsa huɗu, kamar da hannu aka ajiye shi. Buhun shinkafa ya biyo baya. Baba Direba ya buɗe ido ya ga sama maimakon rufi, ya ɗaga kai ya ga ɗakinsa yana hawa tudu ba shi. Ya yi kira sau ɗaya. Da ya ga babu amfani sai ya ja bargo ya rufe fuska saboda rana, ya ce a ransa ya sha ganin kaya ya faɗo daga mota, yau Allah ya nuna masa yadda kayan ke ji.

A gaba kuwa, mota ta ji an sauke mata nauyi sai ta zabura ta haye tudun ta gangara a guje. Injiniya ya daki sitiyari don murna. Ya ce sun gani ko, inji sai ya san maigidansa yake sakin jiki, bakanike bai san komai ba sai kwance noti. Ya ƙara murya a rediyo. Matarsa ta ce ya rage kada ya tashi Baba. Ya ce bangon nan da ya yi, ko ganga ake bugawa Baba ba zai ji ba.

Ba a yi minti ashirin ba wata babbar motar gishiri ta iso gindin tudun. Direbanta ya hango gadon ƙarfe a tsakiyar hanya, a tsakiyar hamada, da wani abu lulluɓe a kai, sai ya taka birki ya fara karanto duk addu'ar da ya sani. Bargon ya motsa, wani tsoho ya leƙo ya ce masa tun daga nesa yake jin injinsa, yana makara wurin canja giya, haka ake kashe mota. Nan direban ya tabbata mutum ne, kuma na gida. Da ya ji garin da tsohon zai je ya ce ai ta nan zai bi. Shi da mutanen da ke motarsa suka ɗaga gadon da mai gadon suka ɗora a saman buhuna, suka ɗaure ta ko'ina, suka yi masa rumfa da tamfol.

Babbar motar ta cim ma su Injiniya ta hau danna hon, direban ya fito da hannu yana alama a tsaya. Injiniya ya leƙa madubi ya ce wa Tela ga wani yana neman tsere, bai san da wa yake yi ba. Ya danne totur ya tare tsakiyar hanya. Aka sake danna hon, ya sake tarewa. A karo na uku Baba Direba ya ƙwanƙwasa rufin babbar motar ya ce a ƙyale shi, a wuce. Ta ratse ta cikin yashi ta wuce su, ta bar musu ƙura. Matar tana gyangyaɗi, Tela yana murza ido, Injiniya ne kaɗai ya hango ƙarafan gado a saman kaya. Ya yi tsaki ya ce a dubi rashin tsari, gado a sama an ɗaure shi kamar ɓarawo, haka mutane ke wahalar da kansu don ba su da mai ba su shawara.

Bayan sa'a guda suka iso wani zango a bakin hanya: famfon mai ɗaya, rumfar mai shayi, da direbobi kusan goma sha biyar a inuwa. Injiniya ya ga jama'a, ai abin nema ya samu. Ya sauko ya gyara rigarsa yadda za a ga rubutun baya, ya ce kowa ya zo ya ga abin da bai taɓa gani ba, amma a yi a hankali, akwai dattijo yana barci. Ya jera su a ƙofar direba, ya hau, ya tura 'yar ƙofar bangon ya koma gefe yana fuskantar su, yana nuni da hannu ta baya. Ya ce ga tayil, ga famfo, ga gado, ga kuma surukinsa da tun safe ko tari bai yi ba saboda daɗi. Mai shayi ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Tayil kam na gani. Ina gadon?"

Injiniya ya juya. Ɗakin fes yake, yana ta sheƙi, babu gado, babu buhu, babu Baba. Ƙofar baya a buɗe tana lilo, ta cikinta kana hango hamada har iyakar ganinka. Matarsa ta ture shi ta leƙa, ta saki wata ƙara da ta sa mai shayi ya yar da ludayinsa. Wasu direbobin suka fara dariya, da suka ji mutum ne da gaske a kan gadon sai dariyar ta tsaya musu a wuya. Wani ya tambayi Injiniya a ina ya yar da shi, ya ce bai sani ba. Wani ya ce to tun yaushe, ya ce bai sani ba. Tela ya ce tun lokacin da inji ya san maigidansa.

Suka juya a sukwane. Tsoro na gaske ya kama Injiniya, yana tuna tsoho mai ciwon baya a cikin ranar nan babu ko kofin ruwa. A gindin tudun suka tarar da ramuka huɗu a yashi, da maratayin tawul, da sawun manyan tayoyi da na mutane. Injiniya ya durƙusa yana tona yashi da hannu yana kiran Baba yana kuka, har sai da Tela ya ɗaga shi ya ce mutum da gado ba allura ba ne. Tela ne ya tuno babbar motar da ta yi ta danna hon. Injiniya ya tuno abin da ya gani a samanta da abin da ya ce, ya ji kamar yashin ya buɗe ya shige. Sai dai babu wanda ya san inda motar ta nufa, don gaba da zango hanya ta rabu uku. Matarsa ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Ka kai ni wurin Gwaggo. Kai za ka faɗa mata da bakinka, tunda bakin ne ya kawo mu nan."

Rana ta yi sanyi suka shiga garin. Matar ta nuna layin gwaggonta, suna karya kwana suka ga ƙofar gidan cike da mutane, maza da mata, har kan hanya. Injiniya ya ce shi ke nan, labari ya riga su, zaman makoki ne. Ya sauko kansa a ƙasa, ba ya ganin komai sai ƙafafun mutane suna matsawa suna ba shi hanya. Wani ya ce ga Gwaggo nan. Ya ga ƙafafun tsohuwa cikin tsofaffin silifa da gindin sanda, sai ya zube a gabansu. Ya ce shi ne mijin 'yar ƙaninta. Ya ce shi ne ya ɗauko Baba daga ɗakinsa lafiya lau ya yar da shi a hamada. Ya ce an ce ya kafa ƙusa ya ƙi, saboda tayil, kuma duk hukuncin da za ta yi masa ya ɗauka. Yana cikin wannan sai idonsa ya sauka a kan abin da tsohuwar ke zaune a kai. Ƙafar gadon ƙarfe ce, naɗe da tsumma, da irin ƙullinsa.

"Ka faɗa mata batun wayar ma," in ji wata murya daga saman kansa.

Ya ɗago. Baba Direba ne kwance a kan gadonsa a inuwar bishiyar ƙofar gida, kofin shayi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yayarsa ta riƙe shi gam a cinyarta. Layin ya ɗauki dariya gaba ɗaya, don direban babbar motar yana nan, kuma sau uku ke nan yana ba da labarin, har da yadda aka tare masa hanya. Matar Injiniya ta faɗa kan mahaifinta tana kuka tana dariya. Mutane suka yi dafifi wurin bas ɗin don su ga gangarar da idonsu, wani mai ƙiba ya shiga ta gaba ya fito ta baya a zaune, aka sake fashewa. Wata mata ta karanta rubutun bayan rigar Injiniya da ƙarfi, a hankali, don waɗanda ke nesa su amfana.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta tambayi ƙaninta ko wannan ne, ya ce shi ne. Ta ɗaga sandarta, Injiniya ya runtse ido ya miƙa wuya. Sai Baba Direba ya riƙe sandar.

"Bar shi, Yaya. 'Ya'yana uku na haifa maza, shekara goma sha ɗaya suna ce mini wata mai zuwa. Wannan ne kaɗai ya fito da ni daga ɗaki. Rabin hanya ya kawo ni, amma rabin nan ba wanda ya taɓa yi mini shi."

Gwaggo ta sauke sandar ta share ido da bakin mayafi. Injiniya, wanda shekara goma sha takwas yake jiran kalma ɗaya mai daɗi daga bakin tsohon nan, ya ji hawaye sun sake zubo masa, wannan karon na farin ciki. Ya goge su da hannun riga, ya ja numfashi, ya dubi jama'a. Kafaɗunsa suka fara dawowa wurinsu. Ya ce ai in an duba da idon basira, da ba don santsin tayil ɗin da laushin tsumman ba da gadon kifewa zai yi, saukar da ya yi a tsaye lissafi ne, kuma duk mai son a yi masa irin wannan daɓen a garin nan...

"Ban gama ba," in ji Baba Direba. "Ni na iso, ba inda za ni sai bayan wata biyu, 'yata ma tana nan tare da ni, yayata kuma tana da gado. Wannan a mayar da shi mota yadda yake. Gobe kai za ka kwanta a kai, Tela ya tuƙa."

Tela ya ce shi fa bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa, amma shekara talatin yana taka keken ɗinki, ba ya jin abin zai yi nisa da juna.

"Ka ji ko," in ji Baba Direba, ya miƙa kofi a ƙara masa shayi. "Shi ma injiniya ne."